Rigar Da Ba Taka Ba

Karatu: Maimaitawar Shari'a 22:1-3, 1 Sama'ila 2:18-19, Littafin Firistoci 6:1-5

 Yau maganarmu a kan rigar makaranta ce, yunifom ɗin nan na yaranmu 'yan nasare da 'yan firamare, wanda yakan ɓace ko ya musanyu da na wani. Na san wani zai ce, "Mai bishara, duk manyan abubuwan da ke damun ƙasar nan, sai zancen riga?" Ka yi haƙuri ka karanta har ƙarshe. Ni kaina a kan riga Ubangiji ya kama ni, ba a kan wani babban abu ba.

Bara da hunturu ne, lokacin da sanyin Jos yake hana mutum taɓa ruwan randa da safe. Mun saya wa autanmu, ɗan shekara biyar, sabuwar suwaita mai bajon makaranta. Iyaye sun san abin da nake nufi idan na ce sai da muka yi lissafi kafin muka saya. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, yadi ya hau, kuɗin tela ya hau, kuma suwaita mai bajo ba a samun ta a gwanjon kasuwar Katako, dole sai a makarantar. Sati biyu da sayenta, yaron ya dawo gida sanye da wata suwaita daban. Kalarta ɗaya da tasa, bajo ɗaya, amma ta koɗe, ta yage a gwiwar hannu, hannayenta ma ba su kai masa wuyan hannu ba.

Na tambaye shi, "Ina suwaitarka?" Ya dubi jikinsa ya ce, "Baba, ga ta nan." Na sake tambaya, ya sake ba ni amsa ɗaya. Raina ya ɓaci, na ɗauka raini ne, na zane shi. Ya yi kuka har barci ya kwashe shi, bai ci tuwo ba. Na tuɓe tsohuwar suwaitar na wurga bayan ƙofa, na ce gobe da ni za a je makarantar nan, sai na ga uwar da ta ga sabon kaya a jikin ɗanta ta yi shiru.

Da dare na durƙusa zan yi addu'a, domin ina da wa'azi ranar Laraba, amma bakina ya yi nauyi. Sai matata ta ce, "Baban yara, kafin ka je ka yi faɗa gobe, zo ka ga wani abu." Ta buɗe akwatin yara ta ciro wata rigar wasanni. Ta ce, "Wannan ta wace ce?" Na ce ta 'yarmu ce. Ta ce, "A'a. Zangon da ya wuce ta dawo da ita cikin jaka. Tamu ta tsufa, wannan sabuwa ce. Na nuna maka, ka ce Allah ya ga tamu ta tsufa shi ya sa ya canza mana." 'Yan'uwa, na tuna. Da dariya na faɗa, amma na faɗa, rigar kuma ta yi wata uku a gidana ana sa ta.

A Maimaitawar Shari'a 22, Allah ya ba Isra'ila doka a kan abin da ya ɓace. Ya fara da sa da tunkiya, ya ambaci jaki, sa'an nan ya ambaci tufa da sunanta, ya rufe da cewa haka za a yi da kowane abin ɗan'uwa da ya ɓata aka tsinta. Dokar ba ta bar ƙofa ko ɗaya ba. Idan ka san mai abin, ka kai masa. Idan yana nesa, ko ba ka san shi ba, ka kawo gidanka ka ajiye har ya zo nema. Wato gidanka ya zama wurin ajiya, kai kuma ka zama mai tsaron amana. An kuma hana ka yin kamar ba ka gani ba. Wannan na ƙarshen shi ne ciwonmu. Yawancinmu ba za mu sa hannu a jakar ɗan wani mu ɗauki riga ba. Amma idan rigar ta zo da ƙafarta, kuma ta fi tamu kyau, sai idonmu ya yi rauni.

Mutane sukan ce tsintuwa ba sata ba ce. Gaskiya ne a ranar da ka tsinta. Amma Littafin Firistoci sura 6 ya sa mutumin da ya tsinci abu ya yi musun ya gani a layi ɗaya da mai cin amana da mai ƙwace, ya kuma ce laifin nan ga Ubangiji aka yi shi. Hukuncinsa shi ne ya mayar da abin, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar a kai, sa'an nan ya kawo hadaya. Ku lura da tsarin: a mayar tukuna, sa'an nan a zo bagade. Ni kuwa na yi wata uku ina hawa bagade da rigar 'yar wani a akwatina.

Mu masu bi da ke son shaidar mu'ujiza, mu yi hankali a nan. Na gaskata Allah yana tanadi, na ga ya yi a gidana sau da yawa. Amma Allah ba ya tuɓe ɗan wani domin ya suturta naka. Abin da ya sa wata uwa ta kwana tana lissafin inda za ta samo kuɗin wata riga, kada ka tsaya gaban jama'a ka kira shi buɗi.

Da safe na ɗauko tsohuwar suwaitar daga bayan ƙofa na karkaɗe ta, muka tafi. A bakin get na tarar da wata mata da hijabinta, tana riƙe da leda, ga ɗanta a gefenta da 'yar rigar yunifom kawai, ya rungume hannuwansa yana rawar sanyi. Da ta ga yarona sai ta matso ta ce, "Malam, ina kwana. Ina jin wannan ta ɗanku ce. Jiya na ga ba tamu ba ce, na wanke, sai dai ba ta gama bushewa ba, ka yi haƙuri." Ta miƙo mini ledar, suwaitar a ninke. Ta gwammace ɗanta ya fito cikin sanyin nan ba suwaita da ya sa ta wani kwana na biyu. Ni kuma na miƙa mata tata da ƙurar bayan ƙofa a jiki. Duk jawabin da na shirya tun daren jiya ya gudu. Abin da na iya cewa kawai, "Mun gode, Allah ya saka da alheri." Antin ajinsu ta ce da rana ta yi zafi yaran sun tuɓe sun tara a kan tebur ɗaya, da aka kaɗa ƙararrawa kowa ya wawuri wadda hannunsa ya kai. Iyakar labarin ke nan.

Da yamma na ɗora yaron a cinyata na roƙe shi gafara. Wasu iyaye maza suna ganin wannan zubar da girma ne. Amma yaron bai yi mini ƙarya ba. A idonsa suwaita mai wannan kala da wannan bajo tasa ce, domin haka aka yi yunifom, don kowa ya zama iri ɗaya. Yara talatin ko arba'in a aji, kaya iri ɗaya, mafi yawansu ba su iya karanta sunansu ba tukuna, mu kuma muna so su bambanta abin da mu manya sai mun juya wuyan riga muke ganewa. Bulus ya gargaɗi ubanni a Afisawa 6:4 da Kolosiyawa 3:21 kada su tsokani 'ya'yansu har su karai. Yaron da ake duka duk ranar da abu ya ɓata, ba kula yake koya ba, ɓoyewa yake koya. Gobe idan tasa ta ɓace zai ɗauki ta wani don ya tsira daga bulala, mu da hannunmu mun koya masa. Ku tuna manzo Bulus kansa ya bar alkyabbarsa a Taruwasa a wurin Karbus, sai da ya rubuta wa Timoti daga kurkuku ya taho masa da ita, ya kuma roƙe shi ya yi ƙoƙari ya iso kafin lokacin sanyi (2 Timoti 4:13, 21). Idan babban manzo ya rabu da rigar sanyinsa har ya aika a kawo, ɗan shekara biyar fa?

Akwai wani abu kuma da dole in faɗa, domin nakan ji shi a ɗakin addu'a. Uwa takan zo a firgice ta ce an ɗauke rigar ɗanta, tana tsoron an kai wa boka. Ban raina yaƙin ruhaniya ba, na san maƙiyi yana nan. Amma a shekarun da na yi ina wannan hidima, rigunan da aka kawo mini kukansu, a ƙarƙashin benci aka same su, ko cikin Keke Napep ɗin da ke kwaso yaran, ko a igiyar shanyar maƙwabta. Idan zuciyarki ba ta kwanta ba, ki yi addu'a, ki rufe ɗanki da jinin Yesu, ki kwanta ki yi barci. Wanda ke cikinmu ya fi wanda ke cikin duniya girma, riga kuma ba ta fi jinin Yesu iko ba. Abin da ba ki da izinin yi shi ne ki nuna wata malama, ko wata tsohuwa, ko ɗan wani, ki ce su ne. Kalmar maita idan ta fita ba ta komawa baki. Na ga zumunci na shekaru ya mutu a kan wando guda, daga baya aka tsinci wandon a bayan kujera, amma zumuncin bai dawo ba.

Yanzu mu dubi Hannatu. Ta ba da ɗanta Sama'ila ga Ubangiji, yana hidima a Shilo a hannun Eli tun yana ƙarami. Duk shekara idan za su hau yin hadaya ita da Elkana, takan ɗinka masa 'yar riga ta kai masa. Nakan yi tunanin matar nan zaune a Rama da allura, tana ƙiyasta yadda yaron da ba ta gani kullum ya ƙara tsawo. Ta miƙa shi ga Allah, amma ba ta ce Allah zai ɗinka masa riga ba. Addu'arta da allurarta tare suka yi aiki.

To iyaye, mu ɗauki allura. Maka takan goge bayan wanki kaɗan, musamman idan ana sa bilic, zare kuwa yana daɗewa. A ɗinka sunan a cikin wuyan riga da cikin ƙugun wando ko siket, kada a rubuta a waje inda baƙo zai karanta ya kira yaron da sunansa kamar ya san shi. Yaron da bai iya karatu ba, a yi masa alamar da zai gane da ido. Matata yanzu jan zare take sa wa, giciye ƙarami a cikin wuya, autan kuma ya san duk abin da ba shi da jan giciye ba nasa ba ne. Mai zuwa ɗaukar yaro ya duba jikinsa da jakarsa tun a bakin get, lokacin da sauran iyaye da Anti suna nan, ya fi sauƙi da a gano da dare. Idan kuma kayan wani ya kwana a gidanka, a wanke, a goge, a mayar washegari, kuma a bar yaron ya miƙa da hannunsa. Sa'ad da kike ɗinka alamar, ki kira sunan yaron a gaban Allah. A Yohanna 10 Yesu ya nuna kansa makiyayi ne da yake kiran tumakinsa kowace da sunanta. A ajin da kowa ya sa kaya iri ɗaya, shi ba ya rikita ɗanki da na wata.

Rigar wasannin nan mun mayar. Anti ta taimaka muka gano mai ita. Uwar ta riga ta sayi wata tun tuni, ta kuma gaya mana cewa ita ma ta doki 'yarta a ranar. Wannan ya fi komai yi mini ciwo, domin bulalar da yarinyar ta sha, shirun da na yi ne ya bar ta a kanta. Mun haɗa da safa da sabulu, mun ba da haƙuri. Ta karɓa, amma ba ta yi dariya ba, ni kuma ban ga laifinta ba.

Na roƙi zumuntar mata su ajiye kwando a bayan majami'a daga wannan Lahadi. Yunifom ɗin da ɗanka ya girme shi, wanda naka ne da gaske, ka wanke ka kawo, akwai gwauraye da marayu a cikinmu da za su yi murna da shi. Wanda ba naka ba, kada ka kawo shi kwandon nan don ka huta da kunya. Makarantar za ka kai shi.

Addu'a: Ya Uba, ka gafarta mana inda muka ga abin wani muka yi kamar ba mu gani ba. Ka tuna mana da duk abin da ke akwatinmu wanda ba namu ba ne, ka ba mu ƙarfin hali mu mayar cikin makon nan. Ka warkar da zuciyar kowane yaro da muka hukunta ba da laifinsa ba. Ka tsare bakinmu daga zargi, ka cire tsoro daga zukatan iyaye mata. Ka tanada wa gidan da ba su san inda kuɗin yunifom na zango mai zuwa zai fito ba. Ka albarkaci malaman da ke kula da ƙananan yaranmu, da matar nan da ta wanke suwaitar ɗana. Cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.