Ku Tattara Ragowar: Wa'azi a Kan Tafiyar da Gida Lokacin Tsada

Karatu: Yohanna 6:5-13, 2 Sarakuna 4:1-7



Ba sai an gaya wa mai gida ko uwar gida an yi tsada ba, gama tukunya ta riga ta gaya musu. Ran 29 ga Mayu 1923 ba mu nan, amma ran 29 ga Mayu 2023 muna nan, muka ji da kunnenmu Shugaba Bola Tinubu ya ce an janye tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, a ƙarshen 2024 kuwa ta wuce naira 1,000. Mota ce ke kawo hatsi kasuwa, saboda haka da mai ya tashi sai mudu ya bi shi. A Disamba 2024 hukumar ƙididdiga ta Nijeriya ta ce farashin kaya ya ƙaru da fiye da kashi 34 cikin 100 a shekara guda. Wato abin da naira 100 ta saya, sai da wajen naira 135. An ɗaga albashi mafi ƙanƙanta daga naira 30,000 zuwa 70,000 a Yuli 2024, amma da yawa cikinmu manoma ne da masu sana'ar hannu, ba su da albashi.

To, yaya mai bi zai yi? Bari mu duba Maganar Allah.

Na fari, Ubangijinmu ba ya son ɓarna. Ranar da ya ciyar da maza 5,000, Filibus ya yi lissafi ya ga ko gurasar dinari 200 ba za ta ishe su ba. Da gurasa 5 na sha'ir da kifi 2 na wani yaro Yesu ya ƙosar da su duka. Amma ku lura da abin da ya biyo baya. Shi wanda yake da iko ya sāke yin wata gurasa gobe, ya umarci almajirai su tsince gutsattsarin, har suka cika kwando 12. Idan Mai ba da abinci bai yarda a zubar da ragowa ba, ina dalilin da mu masu roƙon abincin yini za mu zubar? Tuwon da ya kwana ɗumame ne. Ba abin kunya ba ne a gidan Kirista.

Na biyu, ku san abin da ke cikin gidanku. Gwauruwar nan da ta zo wurin Elisha, mijinta mai tsoron Allah ne, duk da haka ya mutu ya bar bashi, mai bin bashin kuwa yana zuwa ya kwashe 'ya'yanta biyu su zama bayi. Annabin bai fara da al'ajibi ba. Ya fara da tambayarta abin da take da shi a gida. Haka mu ma. Miji da mata su zauna tare, da takarda da fensir, su rubuta abin da ke shigowa da abin da ke fita cikin wata guda, har da kuɗin kati na waya, da lemon kwalba, da na achaba. Na ga gidaje inda mace ba ta san abin da mijinta yake samu ba, shi kuwa bai san kuɗin mudun masara ba. Sai ya ce tana ɓarna, ita ta ce yana rowa, Shaiɗan kuwa ya sami ƙofa. Ni kaina, da muka fara wannan rubutu da uwargidana, sai na tarar ɓarnar da nake nema a madafa tana cikin aljihuna. Na nemi gafararta.

Na uku, ku rage abin da ake yi domin idon mutane. Nan ne gwajin yake. Anko a kowane biki, sabon ɗinki ga kowa a Kirsimati, bikin aure wanda ango zai shekara biyu yana biyan bashinsa, makoki inda masu ta'aziyya ke cinye hatsin marayu: waɗannan ba umarnin Allah ba ne, al'adarmu ce. Hausawa sun ce daidai ruwa, daidai tsaki. Ina roƙon dattawan ekklesiya da Zumuntar Mata su fara da kansu, gama idan mai hali ya yi biki mai sauƙi, ya cire wa matalauci kunya. Ga samarinmu kuma ina cewa, ku guji cacar ƙwallo a waya, da rancen nan mai ruwa da ake ba da shi cikin minti kaɗan. Cin bashi da daɗi, ranar biya da wuya. Ku tuna abin da Elisha ya sa gwauruwar ta fara yi da kuɗin man shi ne biyan bashi, sa'an nan ita da 'ya'yanta su ci ragowar.

Na huɗu, ku yi tanadi. Yusufu ya tara kashi ɗaya cikin biyar na amfanin Masar shekara 7 na ƙoshi, ya ceci ƙasashe a shekara 7 na yunwa. Kowa ya san hatsi yana araha da kaka, yana tsada da damina. Manomi kada ya sayar da rumbunsa duka domin biki, ya komo yana sayen mudu a watan Agusta. Ma'aikata biyar su haɗa kuɗi su sayi buhu su raba, ya fi awo kullum. Wake kuwa a sa shi cikin buhun nan mai leda biyu a ciki, a ɗaure da kyau, ƙwari za su mutu ba tare da magani ba. Bayan ɗaki a shuka zogale, da kuɓewa, da yakuwa.

Amma akwai abin da ba a ragewa. Kada a rage abincin ƙananan yara da na mace mai ciki. Kada a cire yarinya daga makaranta a ce ai mace ce. Kada a bar zazzaɓi ya kwana uku a jikin yaro domin gudun kuɗin asibiti. Kada kuma tsada ta rufe mana hannu. Sa'ad da Agabus ya faɗi yunwar da ta zo a zamanin Kalaudiyus, masu bi na Antakiya ba su kulle rumbunansu ba. Kowa ya bayar gwargwadon ƙarfinsa, suka aika wa 'yan'uwa a Yahudiya ta hannun Barnaba da Shawulu. Mai tattali yana ragewa domin ya sami abin bayarwa, marowaci kuwa domin ya ɓoye. Allah ya san bambancinsu.

Ɗan'uwa, ko ka iya faɗin inda kuɗinka na watan jiya ya tafi? 'Yar'uwa, ko kin san gwauruwar da ke kusa da ke ta ɗora tukunya jiya? Kada watan nan ya ƙare ba ku zauna kun yi lissafi ba, ku fara da addu'a, ku ƙare da godiya.

Ya Uba, ka ba mu abincin yau, ka koya mana riƙon abin da ka ba mu da aminci, ka tsare gidajenmu daga bashi da husuma, cikin sunan Yesu Kristi. Amin.