Zato Da Hakki: Mai Juna Biyu Da Neman Ƙarin Girma

Masu iya magana sun ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Magana ce mai kyau, gama tana hana mutum ɗora wa ɗan'uwansa laifi ba da shaida ba. Amma akwai wurin da ya kamata mu tsaya mu auna ta, watau inda mai zaton ba shi da ikon ganin shaida, wanda ake zato kuwa shi ne ya kulle shaidar a akwatinsa.

Ga misali. A ce wata mace tana aikin akawu a wata ma'aikata, ta shekara shida ba a taɓa kama ta da sakaci ba. Sai gurbin babban akawu ya samu, aka ce ma'aikatan gidan su nema. Ta rubuta takarda, aka kira ta gaban manya, alhali tana da juna biyu wata shida, abin da ba ya ɓoyuwa. Bayan mako biyu aka ba wani wanda ita ta koya masa aikin. Da ta tambayi dalili, aka ce mata, "Ki yi haƙuri, wani jiƙon." Zuciyarta ta raya mata cikin nan ne ya hana ta. To, ta yi zunubi ke nan?

Kafin mu amsa, sai mu fara duba ko ciki dalili ne na hana mutum matsayi. Shugaba yana iya cewa, "Ni aiki nake so a yi. In na ba ta, bayan wata uku za ta tafi hutun haihuwa, kujera ta zauna ba kowa." Damuwarsa ba ƙarya ba ce. Amma mu yi lissafi. Ma'aikacin Gwamnatin Tarayyar Nijeriya yana iya yin shekara 35 kafin ya yi ritaya, watau mako 1,820. Hutun haihuwa a can mako 16 ne. Ko da mace ta haihu sau biyar, hutunta duka mako 80 ke nan, bai kai kashi ɗaya cikin ashirin na zamanin aikinta ba. Ashe wanda ya hana ta matsayi saboda haka ya yar da shekaru don tsoron makonni. Bayan wannan kuma, in namiji ya tafi kwas, ko ya kwanta asibiti, ai ba a ƙwace masa girmansa, sai a sa wani ya yi riƙon ƙwarya har ya komo. Dabarar da ta yi wa namiji amfani ba za ta ƙi yi wa mace ba.

Akwai kuma abin da ya fi lissafi nauyi. Shugaban nan, da ma'aikatansa, da masu sayen kayansa, kowa cikinsu mace ce ta ɗauki cikinsa wata tara. Haihuwa amfaninta na jama'a duka ne. Ba daidai ba ne jama'a su ci amfanin, sa'an nan a bar mace ita kaɗai ta biya da abincinta.

Hukumomin duniya sun daɗe da gane wannan. Tun a shekarar 1919 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yi yarjejeniyar farko ta kare mata masu haihuwa. A 2000 ta yi sabuwa, wadda ta ce hutu kada ya gaza mako 14, ta kuma hana a tilasta wa mai neman aiki gwajin ciki, sai fa in aikin yana da haɗari gare ta ko ga ɗanta. Amurka ta yi doka a 1978 wadda ta haramta bambanta ma'aikaciya saboda ciki. A Nijeriya, sashe na 42 na Tsarin Mulki na 1999 ya hana hukuma nuna bambanci don mutum namiji ne ko mace. Sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ya ba mace mako shida kafin haihuwa da mako shida bayanta, ya hana a ba ta takardar sallama cikin wannan hutu. Jihar Legas a 2014, da Jihar Kaduna a 2019, sun kai hutun ma'aikatansu mata wata shida.

Yanzu mu koma ga zato. Mai yiwuwa ne wanda aka ba ya fi ta cancanta da gaske. Don haka ba ta da ikon shiga ofis-ofis tana ɓata sunan shugabanta, ko ta ɗauki gaba da abokin aikinta. Amma tambaya dabam, ƙazafi dabam. Wanda ya ce "ka zalunce ni" ya yanke hukunci. Wanda ya ce "nuna mini ma'aunin da ka auna ni da shi" hakkinsa kurum ya nema. Ita ba ta zauna cikin shawarar manya ba, ba ta ga makin da aka ba kowa ba. Shugaba ya gani. Saboda haka nauyin kawar da zato a wuyansa yake. Yarjejeniyar 2000 ma haka ta tsara a kan sallama: in aka kori mai ciki, mai aikin ne zai tabbatar ba cikin ne dalili ba. Hikimar da ke cikin wannan ta shafi ƙarin girma.

To, me ya kamata ta yi? Ta rubuta abin da aka tambaye ta da ranar da aka yi, tun ba ta manta ba, musamman in an ce mata, "Yaushe za ki haihu?" ko "Wa zai riƙe miki jariri?" Ta nemi dalili a rubuce, cikin ladabi. In ba ta gamsu ba ta kai wa ƙungiyar ma'aikata, in ta kama har Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Shi kuma shugaba ya bayyana sharuɗɗan matsayi tun kafin a nema, ya yi wa kowa tambaya iri ɗaya, ya ajiye takardar maki. Sa'an nan ya tambayi zuciyarsa: da matar nan ba ta da ciki, da wa zan ba? In amsar ta sāke, to, ya san abin da ya auna.

Shugaban da ya yi haka ba ya jin tsoron tambaya, gama ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. Wanda kuwa ya ɓoye dalilinsa, sa'an nan ya ce wa matar zato zunubi ne, sai ya tuna shi ne ya shuka zaton, kuma mabuɗin da zai kawar da shi yana cikin aljihunsa.