Sa'ad da Uwa Ta Manta da Sunan Ɗanta

Karatu: Ishaya 49:14-16, 2 Sama'ila 19:31-39

Da annabi Ishaya ya so ya kwatanta amincin Allah, sai ya nemi abin da ya fi kowane abu wuyar faruwa a duniya. Ya tambayi Sihiyona ko mace mai shayarwa za ta iya mantawa da jaririnta. Kowa ya san amsar da ake tsammani. Duk da haka annabin ya ƙara da cewa ko da hakan ta faru, Ubangiji ba zai manta da jama'arsa ba, gama a tafin hannuwansa ya zana su. Mun saba karanta wannan wuri a matsayin misali. Akwai kuwa gidaje a Yelwa da Ngaski da Shanga inda misalin ya zama abin yau da kullum. Uwa tana zaune a tabarma, ɗan cikinta ya kawo mata kunu, ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya, sa'an nan ta tambaye shi ɗan gidan wane ne.

Mutanenmu suna kiran wannan hali gigin tsufa, likitoci kuma suna ce masa ciwon mantuwa. Ba kowane tsoho ne yake kamuwa da shi ba, domin ciwo ne na ƙwaƙwalwa, kamar yadda ake samun ciwon zuciya ko na ƙoda. Nau'in da ya fi yawa yana ɗauke da sunan wani likitan Jamus, Alois Alzheimer, wanda a 1906 ya ba da bayanin wata mata da ta rasa tunaninta tun tana da shekara hamsin da 'yan kai. Da ya duba ƙwaƙwalwarta bayan rasuwarta, ya tarar da wani abu ya taru ya daskare a tsakanin ƙwayoyinta. Shi ne sinadarin da ake kira amiloid a yau. Wani nau'in kuma yakan biyo bayan hawan jini da shanyewar jiki, idan ƙananan hanyoyin jini na ƙwaƙwalwa suka toshe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa masu ciwon mantuwa sun haura miliyan 55, kuma fiye da kashi 60 cikin 100 nasu suna zaune ne a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi irin tamu. Wani bincike da likitoci suka yi a Zariya, aka buga a 2011, ya sami kusan mutum 3 a cikin kowane tsofaffi 100 da aka duba suna fama da shi.

Duk iyalin da abin ya shiga gidansu, tambayarsu ta fari ita ce ina magani. Amsar tana da nauyi, amma ya kamata mu san ta. Wani nazari da aka buga a 2014 ya ƙirga magunguna 244 da aka gwada tsakanin 2002 da 2012, ya tarar guda ɗaya tak ya sami amincewa. A farkon 2018 kamfanin Pfizer ya janye hannunsa daga neman maganin wannan ciwo. A watan Yuni na 2021 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da wani magani mai suna Aduhelm, cikin gardamar da ta sa uku daga cikin masu ba ta shawara suka ajiye aiki. A Janairun 2024 kamfanin Biogen ya sanar da zai daina sayar da shi. Maganin Leqembi, wanda ya sami cikakkiyar amincewa a 2023, yana share amiloid daga ƙwaƙwalwa, amma a gwajin wata 18 saurin lalacewar tunani kawai ya rage, da kimanin kashi 27 cikin 100. Ba ya tsayar da ciwon, ba ya dawo da abin da ya tafi. Lokacin da aka amince da shi, ta jijiya ake ba da shi kowane mako biyu, ana kuma bin mai jinya da hoton ƙwaƙwalwa domin yakan jawo kumburi ko zubar jini a cikinta. A 2023 kuɗinsa na shekara guda dala 26,500 ne a Amurka. Ko a Ingila, hukumar da ke tantance magungunan asibitocin gwamnati ta ce amfaninsa bai kai tsadarsa ba.

Masu binciken nan sun cancanci addu'armu, gama aikin jinƙai suke yi, kuma kowane gwajin da ya faɗi yana nuna hanyar da ba za a sake bi ba. Amma gaskiyar da ke gabanmu ita ce, tsohuwar da ke gidanmu a yau za ta gama kwanakinta ba tare da an warkar da ita ba, sai dai wani ikon Allah. Daga nan ne tambayar gaske take tasowa. In magani ya gagara, kuma mutum ya manta da sunansa, da 'ya'yansa, har da addu'ar da ya yi shekara saba'in yana yi, shi ne har yanzu? Me ya rage masa a wuyanmu?

Mukan ji ana cewa, “Ai Baba ya riga ya tafi, gangar jiki ce ta rage.” Mai faɗin haka sau da yawa gajiya ce ta yi masa yawa, kada mu yi saurin hukunta shi. Sai dai maganar tana ɗauke da wani ra'ayi, wato cewa mutum shi ne abin da yake iya tunawa. In mun auna ra'ayin za mu ga ba ya tsayuwa. Jariri ba ya tuna komai, amma ranar suna unguwa duka takan taru dominsa. Mai barci bai san sunansa ba, amma ba wanda yake raba gadonsa kafin gari ya waye. Littafin Farawa ya kafa darajar mutum a kan cewa Allah ya yi shi cikin siffarsa, bai ɗora ta a kan kaifin tunani ba. Ɗan fashin nan da aka gicciye kusa da Yesu bai yi alkawarin zai riƙa tunawa da Ubangiji ba. Roƙonsa shi ne Ubangiji ya tuna da shi, kuma wannan ya isa. Cetonmu yana rataye a kan riƙon da Allah ya yi mana, wanda ya fi namu riƙon ƙarfi nesa ba kusa ba. Dattijon da aka yi wa baftisma a kogin Kwara tun yana saurayi, in yau ya manta da ranar, ba a share ta a sama ba.

In haka ne, haƙƙinsa a kanmu yana nan cif. Umarnin girmama uba da uwa bai zo da sharaɗin sai suna gane mu ba. Magani na iya makara, jinya kuwa ba ta jiran magani. Wanka da tuwo mai laushi da zama kusa da shi da yamma ba su ne abin da ake yi kafin aikin gaske ya zo ba. Su ne aikin.

Akwai wani yanayi da ƙasarmu ta Yawuri ta sani fiye da sauran wurare. Wannan ciwo yakan fara cinye sabon tunani ya bar tsohon, har mutum ya manta da abin da ya ci da safe amma ya tuna da sunan mai kwalekwalen da ya ƙetare da shi yana yaro. Lokacin da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, an tashi mutane fiye da 40,000 daga garuruwansu, har da Gungawa mazauna tsibirai, ruwa kuma ya rufe gidaje da gonaki da kaburbura. Wanda yake saurayi a wancan lokaci yanzu ya doshi tamanin ko ya wuce. In gigin tsufa ya kama irinsa, yakan ɗaure ƙunshinsa da la'asar ya ce zai tafi gida, gidan kuwa yana ƙarƙashin tafki. Wata kuma takan tambayi ko maigida ya dawo daga su, alhali an binne shi shekara goma sha biyar da suka wuce. Me mai bi zai amsa?

In ka ce mata ya rasu, za ta yi kuka kamar yau aka kawo mata labarin, bayan sa'a guda ta manta, ta sake tambaya. Wanda ya nace wa wannan amsa sau biyar a yini ya sa uwarsa zaman makoki sau biyar, ba ta kuwa ƙaru da komai ba. In ka ce yana hanya, ka faɗi abin da ba haka yake ba, lamirinka kuma ba zai bar ka ba. Manzo Bulus ya koya wa Afisawa cewa gaskiya da ƙauna tare suke tafiya, kuma akwai hanyar da ke riƙe su duka biyu. Ba kowace gaskiya ce wajibi a furta a kowane lokaci ba, shiru kuma ba ƙarya ba ne. Tsohuwar da ke cigiyar mijinta tana gaya maka ne cewa tana kewa, tana kuma jin tsoron maraice. Ka zauna ka ce, “Inna, kina kewarsa ko? Wane kifi ya fi kawo miki?” Dattijon da ke son komawa tsibiri, ka tambaye shi su wa ke maƙwabtaka da su, ina ake shuka albasa in ruwa ya janye. Sau da yawa hirar takan kai shi gidan da ƙafa ba za ta kai shi ba. Barzillai mutumin Gileyad yana da shekara tamanin sa'ad da sarki Dawuda ya gayyace shi zama a Urushalima. Ya ce harshensa ba ya rarrabe ɗanɗano, kunnensa ba ya jin mawaƙa, a bar shi ya koma garinsu kusa da kabarin iyayensa. Dawuda bai yi masa gardama ba. Ya sumbace shi, ya sa masa albarka. Marmarin gida a zuciyar tsoho abin girmamawa ne.

Iyakar da ba a ƙetarewa ita ce ruɗin da ake yi wa tsoho domin amfanin kai. Wanda ya kama yatsan uban da ba ya gane komai ya dangwala a takardar sayar da gona, ko ya riƙa cire kuɗin fanshonsa a ɓoye, ya yi sata, ko da ba mai tuhumarsa. Yakubu ya ci amfanin makantar Ishaku, ya yi shekara ashirin a baƙunci, aka kuma ruɗe shi kamar yadda ya ruɗi mahaifinsa.

Sai mu kula da harshenmu kuma. Tsohuwar da aka tsinta da tsakar dare a bakin ruwa tana sambatu, ko wadda ta amsa duk laifin da aka ɗora mata domin ba ta fahimci tambayar ba, an sha kiran irinta mayya a wurare da dama na ƙasar nan, wasu har sun rasa ransu. Rashin sani ya fi dare duhu. Kada ikkilisiya ta ba da bakinta ga irin wannan zargi, kada kuma a kai maras lafiya inda za a ɗaure shi ko a hana shi abinci da sunan addu'a. Shem da Yafet sun shiga da baya suka rufe tsiraicin Nuhu. In fitsari ya kuɓuce wa Baba a gaban baƙi, aikinmu ke nan: a rufa asiri, a sauya tufafi, a yi shiru.

Akwai kuma abubuwan da hannu zai iya. Ruɗewar da ta zo farat ɗaya, cikin kwana ɗaya ko biyu, sau da yawa zazzaɓi ne ko ciwon mafitsara ko matsalar sukari, kuma ana warkar da ita. A garzaya asibiti. In mantuwa ce mai tafiya sannu a hankali, likitocin ƙwaƙwalwa a Birnin Kebbi, ko asibitin koyarwa na Sakkwato, ko asibitin Kware, za su iya tantancewa, akwai kuma ƙwayoyi irin su donepezil da kan sassauta alamun na ɗan lokaci. Mai lasifika a kasuwa da ya ce yana da maganin da manyan kamfanonin duniya suka kasa samu, kuɗinku yake nema. A ɗauke ashana da kananzir da maganin ƙwari daga inda hannu zai kai. A ɗinka lambar waya a cikin riga. A gaya wa maƙwabta da masu kwalekwale a bakin ruwa, su san wanda za su tare. In Hausa ta fara ɓace masa, a nemo mai yi masa magana da harshen da ya sha a nono. A riƙa rera masa waƙoƙin sujada na dā, gama waƙa takan daɗe a ƙwaƙwalwa bayan sunaye sun tafi. Mu da muke da sauran ƙarfi kuma, mu san cewa wani kwamitin masana na mujallar Lancet ya ƙiyasta a 2024 cewa kusan kashi 45 cikin 100 na wannan ciwo yana da alaƙa da abubuwa 14 da za a iya gyarawa, cikinsu har da hawan jini, ciwon sukari, taba, giya, raunin ji da gani, da kaɗaici. Awon jini yau hidima ce ga 'ya'yanmu na gobe.

Nauyin jinya a yawancin gidaje yana kan mace ɗaya, 'ya ko suruka, wadda ba ta barci, ba ta zuwa kasuwa, ta daina zuwa sujada, wani lokaci ma wadda take wa hidima ta zarge ta da sata. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ubangijinmu yana kan gicciye ya danƙa mahaifiyarsa a hannun almajirinsa, ya nuna mana cewa kula da tsofaffi aikin iyalin bangaskiya ne duka. Bari zumuntar mata ta tsara wadda za ta karɓi mai jinya rabin yini a mako. Bari matasa su ɗebo ruwa su faskara itace. Bari dattawa su kai Jibin Ubangiji gida, ko da tsohon bai gane fasto ba, gama Mai jibin ya gane shi. 'Ya'yan da ke Kaduna ko Legas kuma su sani kuɗin da suke aikowa bai maye gurbin ƙafarsu ba.

Addu'a: Ya Uba, kai da ba ka mantuwa, ka tuna da iyayenmu da tunaninsu ya dushe. Ka ba masu jinyarsu haƙuri da barci da mataimaka. Ka ba masu neman magani hikima, kada su karai. In kuma ranar ta zo da mu ma za mu manta da sunanka, ka riƙe mu da namu sunan. Cikin sunan Yesu Almasihu, Amin.