Ina Wanda Aka Sauke Daga Baya?

A damanar da ta wuce na je suna a wani ƙauyen Kurfai, ba nisa da Shikal. Maigidan ya dawo daga bida a Kwatano da ɗan abin hannu, ya kuma rantse sai garin ya san ya dawo. Rago biyu aka yanka. Mata sun yi anko, an ɗauko kayan kiɗa tun daga Filinge, maroƙa sai wasa shi suke yi. Da na zagaya bayan rumbu neman buta, sai na iske yayan jaririn, ɗan wata goma sha tara, zaune a ƙasa shi kaɗai. Ƙafafu sun kumbura, gashi ya yi ja ya yi laushi, ƙuda na bin idonsa amma ko korarsu ba ya yi. Na tambayi kakarsa, ta ce, "Kishi ne yake yi da ƙanensa, ɗana. Ga shi kuma ya sha nonon ciki."

Tamowa ce ke cin yaron nan, ana buga kalangu a kansa.

Cutar tana da wani suna da likitocin duniya suka sani, kwashiyoko. A Gana aka samo shi. Wata likita 'yar Jamaika, Cicely Williams, da ta yi aiki a Akara, ita ta shigar da kalmar cikin littattafan likitanci a 1935, daga bakin mutanen Ga, kuma ma'anarta cutar da ke kama yaro idan an yi masa ƙane. Tsofaffin matan Ga sun gane inda abin yake fitowa tun kafin likita ta rubuta. Mu ma namu tsofaffin sun gane, shi ya sa suka ɗauki kwanika, wadda wasu ke kira rurutsa, abin kunya. Mai jego takan daɗe a gidan iyayenta, a shayar da yaro shekara biyu ko kusa da haka, mijin da ya matsa kuma ya sha gori a dandali. Wannan katangar ce ke rushewa a idonmu. Yau arba'in na cika sai a aiko a ɗauki mace, ba a tsaya da haƙurin da ba, ba a kuma je gidan likita an nemi hanyar tazara ba. Goyo na wata tara ko goma, wani cikin ya shiga.

Daga nan sai yaye na dare ɗaya. A shafa maɗaci ko barkono a nono, a ɗauki yaro a kai shi gidan kaka, wani lokaci a wani gari. Cikin yini guda ya rasa nono, ya rasa bayan uwarsa, ya rasa uwar kanta. Abin da zai tarar kunu ne tsararo da fura mai ruwa, abincin da ke cika ciki ba ya gina jiki. In abin ya faɗo tsakanin Yuni da Satumba, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sauro ya yi yawa, gudawa na yawo, to sai dai gyaran Allah.

Wa ya ce nonon mai ciki guba ne? Malamanmu sun san hadisin da ke cikin Muwaɗɗa da Sahihu Muslim, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi niyyar hana gila, sai ya lura Rumawa da Farisawa suna yi ba ya cutar da 'ya'yansu, ya bari. Imam Malik ya fassara gila da kusantar mace tana shayarwa, wasu malamai suka ce shayarwar mai ciki ce. Likitoci ma sun ce mace mai lafiya tana iya ci gaba da shayarwa da ciki, muddin tana samun abinci, a janye yaro sannu a hankali. Surar Baƙara ta ambaci shekara biyu cur ga mai son cika shayarwa, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ba da shawarar a jira wata 24 bayan haihuwa kafin wani ciki. Liman da likita sun haɗu a kan magana ɗaya, amma sau nawa ka ji an ɗauko ta a huɗubar Juma'a?

Iyaye maza, da ku nake. Kada wanda ya ce mini talauci ne, bayan na ga abin da ya kashe ranar suna. Abin da addini ya nema yanka ne, da aski, da sadaka, da suna mai kyau. Anko da kiɗa da jeren kwanoni gasa ce kawai tsakaninku da maƙwabta. Kuɗin zannuwan yini ɗaya sun isa a sayi akuya mai nono a ɗaure wa wanda aka yaye. Abin takaici, a ƙasar da Tukunus take, inda aka daɗe ana kiwon shanun Azawak, ake samun yaron da ya yi wata shida bai kurɓi madara ba. Wake muna nomawa, ƙuli-ƙuli na kasuwa, zogale na cikin garka, ƙwai kuwa an hana yaro wai kada ya zama ɓarawo, a kai kasuwa a sayo magi.

Akwai kuma babbar yaya, 'yar shekara bakwai ko takwas, wadda ake cirewa daga lakwal a ɗaura mata goyon da uwa ta sauke. Yarinya na renon yaro, ita ma ba ta ƙoshi ba.

Tun 2006 gwamnatin Nijar ta ce a duba yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta. Ko da wata rana ka je ka tarar magani ya yanke, awo ba ya yankewa. Akwai ɗan zaren nan mai launi uku da ake ɗaura wa yaro a damtse: in ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11 da rabi, ba a kwana da shi a gida. In ka danna bayan ƙafarsa da babban yatsa ka ɗaga, ka ga rami ya zauna, kumburin tamowa ne, ba ƙiba ba. Kuma Plumpy'Nut ɗin da ake ba shi magani ne na mutum ɗaya. Wanda ya raba shi ga yaran gida, ko ya lashe da kansa, ko ya kai shi tebur ya sayar, ya sani abincin majinyaci ya sace.

Kakanni mata, a gafarce ni, ku ne ake kawo wa yaron, ku ne kuma kuke cewa a yaye shi yau-yau. In kuka ce a bari, ba surukin da zai musa muku.

Yaron can na bayan rumbu, washegarin suna muka ɗora shi a babur shi da kakarsa zuwa asibitin Filinge, aka kwantar da shi. Da za a tashi, uban ya laluba aljihu bai sami kuɗin mai ba, sai da ya ranci jika biyu wajen mahaucin da ya feɗe masa ragunan.