Sa'ad da Likita Ya Ce, Mu Dakata

Ya kai mai karatu, ka san yadda abin yakan faru. Tsoho ya fāɗi, rabin jikinsa ya mutu. An kai shi asibitin Mayahi a amalanke, daga nan aka ce sai Maraɗi. Can aka sa shi ɗakin masu ciwo mai tsanani, da roba a hanci, ana ta ƙara masa ruwa. An sayar da awaki, an taɓa rumbu. Bayan kwanaki likita ya kira babban ɗa gefe, ya ce, "Baba ba zai tashi ba. Ina gani mu dakata haka nan."

In kai ne ɗan, me za ka amsa?

Waɗansu sukan ce likita ya raina mu don mu talakawa ne. Waɗansu masu bi kuwa sukan ce yarda da maganarsa rashin bangaskiya ne. Amma ka duba ta wajen likitan. An koya masa yaƙi da mutuwa ne. Ya fi masa sauƙi ya yi shiru, ya rubuta maka wata takardar magani, ka je ka jinginar da gona. Likitoci da yawa sukan ji cire inji ya fi musu nauyi a zuciya bisa ga ƙin sa shi tun farko. Wanda ya daure ya faɗa maka gaskiya, ƙaunarka ya yi.

Kada kuma ka ce wannan abin ƙasar talakawa ne. A 2003 an buga wani bincike da aka yi a ɗakuna 37 irin wannan cikin ƙasashe 17, galibi na Turai. An iske wajen bakwai cikin goma na waɗanda suka kai bakin mutuwa a can, likitoci sun tsai da wani magani, ko kuwa ba su fara shi ba. Kuɗi bai ƙare musu ba. Injin numfashi lokaci kaɗai yake ba jiki, domin ya samu ya warke. Idan ƙwaƙwalwa ta lalace sarai, injin ba ya gyara ta, sai dai ya tsawaita wahala.

Ba mutum magani domin ya mutu kisankai ne, Allah kuwa ya hana (Fitowa 20:13). Barin maganin da ba ya warkarwa wani abu ne dabam, gama ciwo ne ya ɗauki ran, ba kai ba. Allah da ya ji addu'arka a asibiti yana jinta a ɗakin Baba. Ikonsa ba a cikin inji yake ba.

Amma fa a yi hankali. A ƙauyukan Mayahi da Tasawa abin da ya fi cin mutane shi ne jinkiri. Yaro mai zazzaɓin cizon sauro yana suma, mace ta kwana biyu tana naƙuda, mai sanƙarau wuyansa ya ƙage: waɗannan a ruga da su asibiti nan da nan, ko da dare ne. Domin irinsu ne mishan ta buɗe asibitin Galmi a 1950. Saboda haka ka tambayi likita a fili: "Ciwon ne ba shi da magani, ko kuɗinmu ne ya kāsa?" In kuɗi ne, ka kai maganar gaban ikkilisiya, kada kunya ta hana ka.

In kuwa ciwon ne, aikinka bai ƙare ba. Yakubu ya tara 'ya'yansa kewaye da gadonsa, ya sa musu albarka, ya faɗi inda za a binne shi (Farawa 49). Ka roƙi likita maganin rage zafi kafin ku koma gida. A riƙa juya Baba kada bayansa ya yi miki, a jiƙa masa leɓe da ruwa. A kira fasto. A kira ƙanen nan nasa da suka daina gaisawa saboda iyakar gona, ya zo tun Baba yana ji.