SHAIDUN DA BA SU CIN HANCI

Ga wata tambaya da nake so mu yi shawara a kanta, ni da kai: wane irin shaida ne ya isa a gaskata shi?

Ka san garkunan Yantala da ke jere a bakin kogin Isa. A ce mutum biyu sun yi gardama a kan iyakar garka. Wannan ya ce ubansa ne ya bar masa, wancan ya ce kakansa ne ya fara noma wurin. Suka tafi gaban mai unguwa, kowa da danginsa a bayansa. Mai unguwa ya san jini ya fi ruwa kauri, saboda haka ba ya gaggawar yanke magana. Amma akwai shaida iri biyu da ba ya wasa da su. Na fari, in aka tona ƙasa aka tarar da tsohon dutsen iyaka wanda aka binne tun ba a haifi masu gardamar ba. Na biyu, in abokin gāban mutum ya buɗe baki ya faɗi abin da ya gaskata maganarsa. Dutse ba ya cin hanci. Maƙiyi kuma ba ya yin ƙarya domin ya taimake ka.

Watakila ka taɓa ji ana cewa an canja Littafi Mai Tsarki, ko kuwa labarun da ke cikinsa tatsuniyoyi ne na Yahudawa. Kada ka ji kunyar yin wannan tambaya. Wanda zai jingina ransa a kan littafi, wajibi ne ya bincika. To, bari mu kira shaidun nan guda biyu mu ji abin da za su ce.

ƘASARMU MA TA SAN WANNAN AIKI

Akwai masana da aikinsu shi ne tonon kufai. Sukan haƙa tsofaffin garuruwa a hankali, su tattara tsingaro, da ƙasusuwa, da rubutu, su auna shekarunsu. A 1975 aka tsinci wasu tukwane da mutum-mutumi na laka a Bura, wajen Tera. A 1983 Malam Bube Gado na Jami'ar Yamai ya tona wurin, ya tarar da babbar maƙabarta, har da siffar wani mahayin doki. Amma mutanen Bura ba su bar mana littafi ba. Muna ganin aikin hannunsu, ba mu san sunayensu ba.

Labarin Takadda kuwa dabam ne. Matafiyin nan Ibn Battuta ya sauka can a 1353. Ya ba da labarin gari inda ake narka jan ƙarfe, a zuba shi sanda sanda, a yi ciniki da shi kamar kuɗi. Daga baya garin ya mutu, har masana suka yi ta gardama a kan inda yake. Sai a shekarun 1970 masu bincike suka duba kufan Azelik, a ƙasar Agadas, suka tarar da kangaye, da kaskon narka ƙarfe, da gutsattsarin jan ƙarfe. Yau yawancin masana sun yarda Azelik ita ce Takadda. Ka ga yadda abin yake? Littafi ya faɗa, ƙasa ta amsa. Irin wannan gwaji ne aka yi wa Littafi Mai Tsarki, ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba, tun fiye da shekara 150.

AN CANJA SHI?

Wajen 1947 waɗansu makiyaya Larabawa suna kiwo a Kumran, kusa da Tekun Gishiri. Suka shiga wani kogo, suka tarar da tuluna, a cikinsu kuwa naɗaɗɗun littattafai na fata. Kafin ƙarshen 1956 an sami irin waɗannan rubuce-rubuce a kogo 11. A cikinsu akwai littafin Annabi Ishaya, daga farkonsa har ƙarshensa. Tsawon fatar ya fi mita 7, an kuwa rubuta ta fiye da shekara 100 kafin haihuwar Yesu Almasihu.

Kafin wannan, tsofaffin kundaye na Ibrananci da masu fassara suke dogara da su an rubuta su wajen shekara ta 930 da ta 1008. Ka lissafta. Tsakanin fatar Kumran da kundayen nan akwai shekara fiye da 1000. Da a ce an yi wa littafin hannu a cikin shekarun nan, da asiri ya tonu ran da aka jera su. Aka jera su. An sami bambanci da yawa a yadda ake rubuta kalmomi, da wurare inda mai kwafa ya tsallake kalma ko ya sauya ta, kamar yadda yakan faru ga duk abin da aka kwafa da hannu. Amma littafin shi ne, saƙon kuma shi ne.

Ga abin lura. Sura ta 53 tana nan a cikin fatar. Ita ce surar da ta yi zancen Bawan Allah wanda zai sha wuya, a kashe shi saboda laifin waɗansu, shi kuwa ba shi da laifi. Ba Kirista ne ya cusa ta ba, gama sa'ad da aka rubuta fatar nan babu Kirista ko ɗaya a duniya.

BAKIN MAƘIYI

A shekara ta 701 kafin Almasihu, Sennakerib Sarkin Assuriya ya kawo wa Hezekiya Sarkin Yahuza yaƙi. Labarin yana cikin 2 Sarakuna sura 18 da 19. A 1830 aka sami wani tubalin laka mai gefe shida a kufan Nineba, a ƙasar Iraƙi ta yau. Yanzu yana Landan. A jikinsa Sennakerib ya sa an rubuta kirarin yaƙinsa. Ya ambaci Hezekiya da sunansa. Ya yi fahariya ya ci garuruwansa 46 masu ganuwa, ya kuma kulle shi a Urushalima kamar tsuntsu a keji. Amma bai ce ya ci birnin ba. Sarkin da ya ƙidaya ƙananan garuruwa ɗai ɗai, da ya ci babban birni zai yi shiru? Littafi Mai Tsarki ma cewa ya yi ya koma gida bai shiga ba.

Dukansu biyu sun ce Hezekiya ya biya gandu, sun kuma yarda a kan zinariya, talanti 30. A kan azurfa suka rabu: Littafi ya ce 300, tubalin ya ce 800. Wannan bai ɓata shaidar ba. Duk alƙali ya san shaidun da suka haɗa baki su ne maganarsu takan zo daidai har wasali.

Littafin ya kuma ce Hezekiya ya jawo ruwa zuwa cikin birni (2 Sarakuna 20:20). A ƙarƙashin Urushalima akwai hanyar ruwa da aka fafe a cikin dutse, tsawonta mita 533, har yau ruwa yana bi ta cikinta. A 1880 wani yaro ya ga rubutun Ibrananci a bangonta, yana ba da labarin yadda mahaƙa suka taso daga gefe biyu, suna jin muryar juna ta cikin dutse, har suka gamu. Yawancin masana sun ce aikin zamanin Hezekiya ne.

Annabi Dawuda fa? An yi masana da suka ce ba a taɓa yinsa ba, gwarzon tatsuniya ne kawai. Sai a 1993, a kufan Dan da ke arewacin Isra'ila, aka tono guntun dutse mai rubutun Aramiyanci, na ƙarni na 9 kafin Almasihu. Wani sarkin Suriya ne ya kafa shi, yana kirarin ya yi nasara a kan Sarkin Isra'ila da wani sarki na gidan Dawuda. Ga maƙiyi da bakinsa yana kiran gidan sarautar da sunan wanda ya kafa shi.

ZAMANIN LINJILA

Linjila ta ce a gaban gwamna Bilatus aka yi wa Yesu shari'a. A 1961 masu bincike daga Italiya suna tonon wani gidan wasa na Romawa a Kaisariya, bakin teku, suka tarar da dutse da aka mayar matakala. A jikinsa ga sunan Bilatus da muƙaminsa na mai mulkin Yahudiya. Ya riƙe ƙasar daga shekara ta 26 zuwa ta 36.

Linjilar Yahaya sura 9 ta ce Yesu ya aiki wani makaho ya wanke ido a tafkin Siluwam. A 2004 ma'aikata suna gyaran bututun ƙazamin ruwa a Urushalima, sai suka ci karo da manyan matakalai na dutse. Aka bi su, sai ga babban tafki na zamanin Yesu, a inda ruwan hanyar nan ta Hezekiya yake gangarowa.

Ayyukan Manzanni sura 18 ta ce an kai Manzo Bulus ƙara gaban Galiyo, gwamnan Akaya. A Delfi, ƙasar Girka, an sami wasiƙar Kaisar Kalaudiyas sassaƙe a dutse, tana ambaton Galiyo da wannan muƙami. Da ita aka gane shari'ar ta faru wajen shekara ta 51 ko 52.

ABIN DA DUTSE BA ZAI IYA BA

To, mai karatu, gaskiya ɗaya ce, a faɗe ta duka. Ba kowane tono ne ya zo daidai da yadda ake zato ba. Daga 1952 zuwa 1958 wata masaniya Baturiyar Ingila, Kathleen Kenyon, ta tona Yariko. Ta ce birnin ya rushe wajen 1550 kafin Almasihu, tun kafin lokacin da aka saba ba Joshuwa. Masana da yawa sun bi ta, waɗansu sun ƙi, har yanzu ana muhawara. Akwai kuma mutane da yawa a cikin Littafi waɗanda ba a sami sunansu a dutse ba, kamar Annabi Ibrahim. Makiyayi mai zama a tanti ba ya barin kango. Je ka nemi mashekarin Fulani na shekara 50 da suka wuce, ka gani.

Ban da haka, dutse yana iya nuna maka tafkin Siluwam, amma ba zai nuna maka idon da ya buɗe ba. Yana iya nuna maka sunan Bilatus, amma ba zai gaya maka ko an gafarta zunubanka ba. Magirbi ba ya tono gafara.

Me ya rage ke nan? Amana. Ka tuna da mai awo a kasuwar Yantala. In ka sake auna hatsinsa a gida sau da dama ka tarar tiyarsa cike take, ran da ba ka da halin aunawa za ka yarda da shi, ba wanda zai kira ka wawa. Haka nan Luka da Yahaya. A inda za a iya bincikarsu, wato sunayen gwamnoni, da garuruwa, da tafkuna, an same su mutane ne masu lura. Su ɗin ne kuma suka shaida cewa Yesu ya mutu saboda zunubanmu, aka binne shi, ya tashi a rana ta uku. Shin adalci ne ka karɓi shaidarsu a kan ƙaramin abu, sa'an nan ka ƙi ko sauraronta a kan babban?

KADA KA ZAMA KAMAR BILATUS

A wani ɗakin karatu a Mancesta, ƙasar Ingila, akwai ɗan guntun takarda da bai kai tafin hannu ba, wanda aka samo daga Masar a 1920. Yawancin masana sun ce na ƙarni na 2 ne, yana cikin mafi tsufa da muke da su na Sabon Alkawari. Abin da ke jikinsa daga Yahaya sura 18 ne, daidai wurin da Yesu yake tsaye a gaban Bilatus, Bilatus kuwa yana tambaya ko mece ce gaskiya.

Bilatus bai rasa hujja ba. Bai bukaci a tono masa kome ba, gama ga Yesu a gabansa, ido da ido. Da bakinsa ya ce bai same shi da laifi ba. Amma ya ji tsoron taro, ya ji tsoron rasa kujerarsa, sai ya wanke hannu ya ba da shi. An ce gani ya kori ji, amma gani bai kori tsoron mutane ba. Rashin hujja ba shi ne ciwon yawancinmu ba. Ciwonmu shi ne, me dangi za su ce? Me maƙwabta za su ce?

Ɗan'uwana, kada ka tsaya a kan jita-jita, kada ma ka tsaya a kan maganata. Littafi Mai Tsarki yana nan da Hausa tun 1932. Nemi Linjilar Luka ko ta Yahaya, ka karanta da kanka daga fari har ƙarshe. Kafin ka buɗe, ka roƙi Allah da zuciya ɗaya ya nuna maka gaskiya, ya kuma ba ka ƙarfin halin binta in ka gan ta. Shaidu sun gama magana. Hukunci yana hannunka, ran da za ka tsaya a gaban Allah kuwa ba mai tsaya maka a kan abin da ka yanke.

Allah ya ba mu ganewa. Amin.