Wurin Mutum Shida: Tambaya A Kan Kayan Da Muka Tara A Gida

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi sawunsu har ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa, duk wanda ya karɓi wuridi a hannun muƙaddami an sanar da shi sharuɗɗan karanta Jauharatul Kamali a cikin wazifa. Daga ciki akwai alwalar ruwa, domin taimama ba ta isarwa, akwai kuma wuri mai tsarki wanda zai ɗauki mutum shida. In hakan bai samu ba, muridi ya karanta Salatul Fatihi ƙafa 20 a madadinta. A zawiya wannan sharaɗi ba ya wahalar da kowa. Amma ranar da ruwan sama ko rashin lafiya ya tsare mutum a gida, sai ya duba ɗakinsa ya ga babu inda zai shimfiɗa farin ƙyalle. Sau da yawa ɗakin yana da faɗi, kaya ne suka cinye shi: gado, kujeru, akwatuna bisa akwatuna, kwalayen da aka sayo abu a ciki aka ƙi zubarwa, tsohuwar talabijin da ta mutu shekara uku, da buhunan tufafin da ba a ƙara sawa.

Daga nan tambayar ta taso. Abin da mutum ya saya da halal, ya ajiye a gidansa, bai ƙwaci na kowa ba, shin akwai abin da ake tuhumarsa da shi a kai?

Ta fuskar fiƙihu amsar mai sauƙi ce. Mallakar halal halal ce, kuma a mazhabar Imamu Malik babu zakka a kan kayan amfanin gida, ko da sun cika ɗaki. Sai dai ma'abota tarbiyya suna ƙara wata tambaya bayan ta halal da haram, wato me wannan abu yake yi wa zuciyar mai shi. Kowane kaya yana da kuɗi biyu. Na farko an biya a kasuwa an gama. Na biyu ana biyansa kullum, da shara, da wanki, da gyara, da kulle, da tsoron ɓarawo, da faɗa da yaro don ya taɓa. Wannan kuɗi na biyu daga lokaci da hankali ake cire shi, su ne kuwa jarin da muridi yake tafiya da shi zuwa ga Allah.

Mu dubi gidan Ma'aiki (S.A.W). Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta bayyana cewa shimfiɗarsa ta jemammiyar fata ce da aka cusa wa zaren dabino. Ɗakinta kuwa saboda ƙanƙanta, in yana sallar dare zai yi sujada sai ya taɓa ƙafarta ta naɗe, in ya miƙe ta sake miƙewa. Duk da wannan ƙunci, ɗakin bai rasa wurin sallah ba. An kuma ruwaito cewa ta taɓa rataya wani labule mai zane, sai ya ce ta kawar da shi domin zanen yana gilma masa a cikin sallah. Wata rana ya yi sallah da wani mayafi mai ado, da ya sallame sai ya aika a mayar wa Abu Jahmi, a karɓo masa wanda ba shi da ado. Wata ranar kuma ya sallame La'asar ya tashi da sauri ya shiga gida, har sahabbai suka tsorata, ashe wani ɗan guntun zinariya ne da ke ajiye ya faɗo masa a rai, bai so ya kwana a gidan ba, ya sa aka rabar. To, in mafi tsarkin zuciya ya kawar da labule saboda sallarsa, mu da zukatanmu suke tashi kamar tsuntsu da an yi motsi, me za mu ce game da ɗakunanmu?

Wani ɗan'uwa zai ce: ai Sayyidina Usmanu da Abdurrahman ɗan Aufu attajirai ne, kuma suna cikin goman da aka yi wa albishir da Aljanna. Shehu Abul Hasan Shazali ya kasance yana sa tufafi masu kyau, har wani mai tsumma ya taɓa yi masa magana a kai, Shehun ya nuna masa cewa kyakkyawar riga tana iya zama godiya, tsumma kuma yana iya zama roƙon mutane a fakaice. Wannan magana gaskiya ce, kuma ita ce take hana mu ɗaukar talauci a matsayin waliyyantaka. Zuhudu aikin zuciya ne. Akwai mai buta ɗaya da tabarma ɗaya wanda zuciyarsa take kwana a shagon maƙwabcinsa, akwai kuma mai manyan motoci a hanyar Maradi zuwa Kwanni wanda in aka ce duk sun ƙone ba zai rasa wazifar yamma ba.

Amma mu yi hattara da wannan hujja, domin rai yana son ta fiye da kima. Kowa yana iya cewa duniya a hannunsa take, ba a zuciyarsa ba. Gwajin yana nan kusa: ɗauki rigar da ka shekara biyu ba ka sa ba, ka miƙa wa almajirin da ke ƙofar gida. In hannu ya miƙa cikin sauƙi, ka gode wa Allah. In ka ji wani abu ya riƙe ka, ka fara cewa wataƙila wata rana za ta yi amfani, to ka gane inda rigar take zaune. Dukiyar Sayyidina Usmanu an san ta ne da fita, ita ta sayi rijiyar Ruma aka bar wa Musulmi, ita ta shirya rundunar Tabuka. Tamu kuwa sau da yawa shiga kawai take yi, sai gara da ɓera su yi mana zakkarta.

Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, da ya zo bayanin zuhudu a cikin Ihya'u, ya bi buƙatun ɗan Adam ɗaya bayan ɗaya: abinci, sutura, mazauni, kayan ɗaki, aure, sannan dukiya da matsayi. A kowanne ya bambanta abin da yake larura da abin da ya wuce ta. Ma'aunin kowane gida daban ne, domin mai iyali 15 da baƙi kullum ba a auna tukwanensa da na gwauro. Amma akwai tambayoyi uku da kowa zai iya yi wa kowane abu da ke ƙarƙashin rufinsa.

Ta farko: na wane ne? Wanda ya zauna ya warware kayansa zai yi mamakin yawan abin da ba nasa ba. Littafin da aka aro wurin malam tun ana karatun Risala, tsanin maƙwabci, kwanon da aka kawo abincin suna a ciki, kuɗin ajiya da aka sa a aljihun wata riga, takardar gonar marayu. Hargitsin gida maɓoyar haƙƙin mutane ce. Mutum ba ya nufin cin amana, amma in mutuwa ta zo bagatatan, magada za su raba abin da suka tarar, su ci haram ba su sani ba, nauyin kuma yana kan wanda ya bar abin a cakuɗe. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Sunna kuma ta kwaɗaitar da mai abin wasiyya kada ya kwana biyu ba tare da wasiyyarsa tana rubuce ba. Saboda haka littafi ɗaya da aka rubuta wanda kake bi da wanda yake bin ka, da ajiyar da ke hannunka, iyali kuma suka san inda yake, ya fi kowace irin shara muhimmanci.

Ta biyu: wa yake yi wa aiki? In abu yana yi maka aiki, ko iyalinka, ko baƙonka, ka riƙe shi, ka ba shi wurinsa, ka kula da shi, wannan ma godiya ce. In kuwa ba ya yi wa kowa aiki, to akwai wanda yake jiransa. Daminar 2024 ba ta yi nisa ba, lokacin da ambaliya ta rusa gidaje masu yawa a jihohin Maradi da Damagaram da Tawa, har tsohon masallacin Birni na Damagaram ya faɗi. Iyalai da dama sun kwana a azuzuwan makaranta ba tabarma, ba tukunya, ba bargo. A daidai wannan lokaci, a cikin garuruwan nan, akwai ɗakunan da aka kulle katifu da kwanoni da ba a taɓa amfani da su ba. Wanda ya tsaya ya yi tunanin wannan ba ya buƙatar dogon wa'azi. Abin da kuma ya lalace har ba ya kyautuwa, a fitar da shi ta hanyar da ba za ta cuci wani ba. Tsohuwar taya da gwangwani a tsakar gida matattarar ruwa ce da sauro, leda kuma in aka watsa a titi akuyar maƙwabci ce za ta haɗiye ta mutu.

Ta uku: don wa na saye shi? A nan ciwon yake. Kaso mai yawa na kayan gidajenmu idon mutane aka saya wa. Kowa ya san abin da kayan ɗakin amarya ya zama. Uwa tana shiga adashi biyu ko uku, uba yana sayar da tumaki ko ya jinginar da gona, don a yi jeren da ƴan kallo za su shigo su ƙirga. Bayan mako guda ƴan kallo sun watse, bashi ya zauna. Akwai ƴan mata da aurensu ya yi jinkiri saboda gado da kujeru ba su haɗu ba, akwai kuma amaryar da ɗakinta ya cika har ba ta da inda za ta shimfiɗa darduma sai a ƙofa. Haka anko yake, kowane biki da sabon zane, a sa sau ɗaya a jefa akwati. Hausawa sun ce daidai ruwa daidai tsaki. Da ƴan'uwa na zawiya ɗaya za su yi alkawari tsakaninsu cewa in sun haɗa aure ba za a ƙirga wa juna kwano ba, da sun sauke wa iyaye mata nauyin da wa'azin shekara bai sauke ba.

Sai dai a nan akwai gargaɗi ga mazaje. Kayan ɗakin mace dukiyarta ce. Miji ba shi da ikon kwashe kwalla da tasoshin matarsa ya bayar da sunan zuhudu. Ga mata da yawa waɗannan kaya su ne asusunsu, su suke sayarwa ranar da yaro ya kwanta ciwo ko hatsi ya ƙare a rumbu, su ne kuma abin da suke tanadar wa ƴaƴansu mata. Wanda ya yi zuhudu da dukiyar wani zalunci ya yi. Ka fara da turakarka, da akwatinka, da tarkacen da ka cika zaure da su. In uwargida ta ga sauƙin da ka samu, da kanta za ta tambaya. Ku lura ma da ladabin Ma'aiki (S.A.W) a ƙissar mayafin nan: da ya mayar wa Abu Jahmi nasa, sai ya nemi wani daga gare shi, malamai suka ce don kada zuciyar mai kyautar ta ɓaci ne. Sauƙaƙa rayuwa in ya zo da ɓata zumunci, an gyara ɗaki ne an rusa gida.

Abin da aka faɗa game da ɗaki ya shafi yini. Lazimin safe da na yamma, wazifa, da zikirin Juma'a bayan La'asar, duk suna da lokutansu, kuma duk wanda ya riƙe su ya san ba tsawonsu ne yake kayar da mutum ba. Abin da yake kayarwa shi ne yinin da ba a tsara ba. A nemi buta, a nemi carbi, a ga babu ruwa a randa, waya ta yi ƙara, a leƙa saƙo ɗaya a WhatsApp sai ga rana ta fito. Wayar nan ma ɗaki ce, kuma ta fi kowane ɗaki cika da tarkace. Wanda ya fita daga rukunin da ba ya ƙaruwa da komai a cikinsa sai gulma da gardama, ya ajiye waya nesa da darduma daga Asuba har ya gama lazimi, ya cika buta tun dare, ya ware wa carbi da littafi wuri ɗaya, zai ga yadda minti 20 suke yalwata.

Malaman tarbiyya suna cewa takhalli yana gaba da tahalli, wato sai an kwashe sannan a ƙawata. Zuciya suke nufi, amma zahiri da baɗini maƙwabta ne, abin da ya sami ɗaya yana leƙa ɗayan. Kuma kada wanda ya rage kayansa ya koma yana ƙirga na mutane, ko yana son a ce wane ya guji duniya. In haka ta faru, ya fitar da akwati ne ya shigo da riya, ita kuwa ta fi akwati nauyi.

Ba a ce a gama cikin yini ɗaya ba, sannu ba ta hana zuwa. Wannan Juma'a a buɗe akwati ɗaya, a raba shi uku: na riƙewa, na bayarwa, na mayar wa mai shi. Juma'a mai zuwa a buɗe wani. A ci gaba har a sami wuri mai tsarki a cikin gida wanda zai ɗauki mutum shida, a hana kaya sake mamaye shi, yara su taso sun san nan wurin sallah da zikiri ne.

Allah Ya wadata zukatanmu da Shi, Ya sanya abin da Ya ba mu ya zama guzuri, Ya ba mu ikon mayar da haƙƙin mutane kafin ranar da ba dinari ba dirhami. Allah Ya ƙara tsira da aminci ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Amin.